Jan Biro a Kan Sunan Maƙwabci

Daga tsohon gari, ranar Lahadi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da injinan ruwan nan naka da ka fi so a kan 'yan uwanka. Mu nan lafiya lau. Tarin da na gaya maka ya sake ni. Baba yana ci, yana barci, ƙafafunsa ma sun fi nawa ƙarfi. Kansa ne dai kullum ƙara nisa yake yi. Jiya ya tambaye ni 'yar gidan wa ce ni, na ce 'yar gidan tela. Ya ce ai ya san telan, mutumin kirki ne, sai dai ba ya cika alkawarin ɗinki. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma hawayen suka ƙi tsayawa.

Rijiyar asibitinmu ita ma ta lalace, kuma ita ce ta ƙarshe. Ruwan ya yi ɗaci, yana barin farin abu a gindin tukunya. An yi taro an yanke cewa duk wanda ya rage zai tashi da ayarin ƙarshen wata zuwa wajenku a madatsar ruwa. Shekara tara ke nan tun Shekarar Shiru, tun da wuta da waya da mota suka tsaya, amma ban taɓa kawowa a raina ni ce zan rufe ƙofar gidanmu ba.

To, ga maganar da na daɗe ina ɓoye maka. Ka samu wuri ka zauna tukuna. Baba yana da kare.

E, Baban nan naka da ke bin karnuka da muciya. Bara waccan ne na je shago na tarar da wani ramammen kare mai farin kunne ɗaya kwance a ƙarƙashin keken ɗinki. Na ɗauki sanda, Baba ya riƙe min hannu. Ya ce ba nasa ba ne, maƙwabci ne ya shigo gaisuwa. Sunan da ya bi shi ke nan, Maƙwabci. Kullum da safe Baba sai ya je ya buɗe shago, ya hau keken da ba allura ya yi ta takawa. Maƙwabci ne ke kai shi, in rana ta take kuma ya kama gefen rigarsa ya jawo shi gida. Da wannan nake samu in tsaya a kan masu haihuwa da masu ciwo. Kafin zuwansa kulle Baba nake yi a ɗaki, in dawo in same shi ya daki ƙofa har hannunsa ya kumbura.

An ce ba a shiga da kare wajenku sai wani na ciki ya sa hannu ya tsaya masa. Ni kuwa wa nake da shi ban da kai? Na san abin da nake roƙo. Ban manta da matarka ba, Allah ya jiƙanta, ban manta yadda aka same ta a hanyar rafi ba. Amma Baba ba zai taka ko'ina ba in ba da karen nan ba, na gwada na gani.

Ƙanwarka,
Auta

*

Daga madatsar ruwa, ranar Alhamis

Auta,

Na samu wasiƙarki, na gode Allah da lafiyarku. Ni ma kalau nake, ban da bayan nan da ke min ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ki riƙa tafasa ruwan sau biyu kafin ku taso, kada ki ce kin fi ni sani don kina sa farar riga. Na samar muku ɗaki kusa da nawa, yana da taga biyu da ƙwan lantarki da ke kamawa awa uku kullum. Ina so in ga fuskar Baba ranar da zai sake ganin wuta.

Maganar kare kuma, sau uku na ajiye takardar ina sake ɗauka. Shekara biyu kina rubuto min labarin tari da labarin rijiya, ashe akwai dabba a ƙarƙashin keken Baba. Ke ba ki ga abin da na gani ba. Karnukan da suka tare ta a hanyar rafi ba daga daji suka fito ba. Na unguwarmu ne, wasu na san gidajensu, ɗaya ma har da igiya a wuyansa. Yunwar wata uku ce kawai ta mayar da su haka. Har yau in na ji haushi daga nesa, hannuna sai ya saki sifana.

Duk da haka na je. Akwai wani dattijo a ofishin ƙofa da muke kira Mai Littafi, shi ke rubuta duk dabbar da za ta shigo. Ya tambaye ni sunan karen, na ce Maƙwabci, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce ba maƙwabcina ya tambaya ba. Sai da na yi masa bayani. Ya rubuta da baƙin biro: kare, namiji, farin kunne ɗaya. Na sa hannu.

Ki san dokar tun yanzu. Karen da aka shaida ya taɓa ɗan Adam, da jan biro ake bi ta kan sunansa, a aika wa masu gadin gada. Gadar tana tafiyar yini ɗaya kafin nan, kuma ba sa tambaya, harbi suke yi. Saboda haka ki ɗaure shi a hanya, kada ya kusanci yaran ayari.

Don Baba na yi, ba don shi ba. Kada ki sa ran zan shafa masa kai.

Yayanki

*

Saƙon rediyo daga tsohon gari, kamar yadda ma'aikacin madatsar ruwa ya buga shi a keken rubutu

YAYA. RUWA YA CINYE HANYAR MASU WASIKA SHI YA SA NA BI TA REDIYO. LAYI BIYAR AKA BA NI. BABA YA FITA RANAR TALATA. KARNUKA SUN FAR MASA A BAKIN TSOHUWAR KASUWA. KAREN NE YA KARE BABA. MUN SAME SHI TSAYE A KANSA DA JINI A BAKI. NA YI DINKIN DA ZAN IYA. YANZU BABA YA HUTA. ZA MU TASO DA AYARI. AUTA.

*

Daga madatsar ruwa, ranar Asabar
A ajiye wa Auta a tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda ayari ke yada zango

Auta,

Ina fata kin iso tashar lafiya. Ban san yadda zan gaishe ki ba. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Ke kika ɗauki nauyinsa shekara shida ke kaɗai, ke kika wanke shi, ke kika rufe masa ido, ni ina nan ina ɗaure noti. Wannan abin zai bi ni har kabarina.

Ina ɗakin injin aka kawo min takardar. Na karanta a tsaye, sai ga ni a zaune a ƙasa cikin baƙin mai. Keken rubutun rediyon nan ba shi da haruffa masu ƙugiya, mun saba mu ke sa su da kanmu in muna karatu. Da na zo kan layin nan, karen ne ya ƙare Baba, ban iya wucewa ba. Wato sauran suka fara, shi ya ƙarasa. Mutumin da ya ba shi inuwa, ya kira shi maƙwabci.

Ba zan ce na gaya miki ba, don ni ma na sa hannu. Ba na ganin laifinki ko kaɗan, ki ji wannan da kyau. Amma abu ɗaya ya ɗaure min kai. Kin ce za mu taso. Ke da wa? In har dabbar nan ta biyo ki, na san halinki, ba za ki iya ɗaga mata hannu ba. Don haka na ɗauke miki. Na je wurin Mai Littafi da takardar rediyon, na rantse a gaban mutum uku, ya bi ta kan sunan da jan biro. Saƙo ya riga ya tafi gada. Ke dai ki wuce, kada ki waiwaya, su za su yi abin da ya dace.

Ɗakin yana nan. Na fitar da gado ɗaya, don ba zan iya kallonsa ba. In kin riƙo wani abu na Baba, ko almakashinsa ne, ki kawo min.

Yayanki

*

Daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ranar Laraba

Yaya,

Lafiyarmu kalau, kuma ka karanta wannan a hankali, harafi bayan harafi, tunda na ga abin ya zama dole. Baba yana da rai. Ga shi nan zaune a kan benci yana yi wa wani mai amalanke faɗa wai aljihun rigarsa a karkace yake. Wanda ka yi wa addu'ar gafara ya cinye rabonsa ɗazu ya sa hannu a nawa.

Kare na ce, Yaya. Karewa. Ya kare shi, ya tsare shi, ya shiga tsakaninsa da su. Babu wata ƙugiya a maganata, kai ka kawo taka ka rataya. Da na fara karanta wasiƙarka sai da dariya ta ƙwace min, mutane suka zaci na taɓu. Da na kai ƙarshe kuwa dariyar ta tsaya cak.

Ga yadda aka yi. Ranar Talatar Baba ya saki hanyar shago ya nufi tsohuwar kasuwa, wai zai sayo zare. Karnuka biyar ne. Ɗaya ya kama shi a sha-raɓa ya kayar da shi. Masu ɗiban itace da suka hango abin sun ce Maƙwabci ya hau kan Baba ya tsaya, ƙafa biyu nan ƙafa biyu can, duk wanda ya matso ya gamu da shi. Kafin su iso da sanduna an yage masa kafaɗa, an cire rabin farin kunnen. Jinin da ke bakinsa na 'yan uwansa ne. Ɗinki bakwai na yi wa Baba, shi kuwa goma sha tara, kuma ko gurnani bai yi min ba. Da na ce Baba ya huta, barci nake nufi, barcin da ya yi bayan na ba shi magani. Layi biyar aka ba ni, na yi ta datse magana har na datse abin da bai kamata ba. Wannan kason laifin nawa ne, na ɗauka.

Amma kai ma ka tambayi kanka. Kalma mai fuska biyu ta zo gabanka, me ya sa ba ka tsaya ka duba ɗayar ba? Ina jin haushinka, ina kuma jin tausayinka, kwana huɗu kana kukan uba kai kaɗai.

Rediyon tashar nan ya mutu, saboda haka na ba mai keken da ke kai wasiƙu wannan, ya ce zai riga mu da kwana uku. Mu saura kwana biyar mu kai gada. Maƙwabci yana ɗingishi, shi da Baba suna kan amalanke ɗaya, Baba ya lulluɓe shi da rigarsa yana ce masa sanyi bai da kyau ga mai ciwo. Idan aka harbe shi a gaban Baba, to saƙon da ka karanta zai zama gaskiya, sai dai ba kare ne zai ƙare shi ba. Ka goge jan nan. In bai gogu ba, ni ba zan hau gadar ba. Zan sauke su mu zauna a bakin hanya, duk abin da zai faru ya faru.

Auta

*

Daga madatsar ruwa, ranar Asabar
A hannun mai keke, ya tare ayari a hanya

Auta,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na fita waje ba takalmi, ban san inda na nufa ba. Ki gaishe min da Baba, ki taɓa min hannunsa. Ki duba ɗinkin kada ƙura ta shiga.

Ba ni da bakin kare kaina. Ga shi nan ma na rubuta kalmar, babu ƙugiya, kuma ban yi kuskuren karanta ta ba. Kin tambaye ni me ya sa. Tun kafin takardar ta zo na riga na yanke masa hukunci, jira kawai nake a kawo min shaida.

Na je wurin Mai Littafi da wasiƙarki. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce ya yarda da ke. Amma jan biro ba ya goguwa. Shekara huɗu da suka wuce wani ya zo da kuka ya ce kuskure ne, aka goge masa, karen ya shigo ya kashe yarinya a bakin famfo. Tun ranar aka rufe wannan ƙofar. Na ce ai ga Baba nan da rai zai zo. Ya ce zai zo da cizo a ƙafa, ba zai iya faɗin wanda ya cije shi ba, ga kuma rantsuwata a gaban mutum uku. Na roƙi ukun ɗaya bayan ɗaya, har na durƙusa wa wanda na girma. Abin da na samu kawai shi ne, muddin karen bai taka gadar ba, ba mai taɓa shi.

To ki saurara. Kafin gada, a hannun dama, akwai ɗan ɗakin famfo mai jan rufi. Yana tura ruwa zuwa gonakin waje. Shekara biyu ana neman wanda zai zauna a can, kowa ya ƙi, don ba wuta, ba katanga. Na ce a ba ni. Shugaban aikinmu ya ce na haukace, babban makanike zai koma gadin famfo ɗaya. Na miƙa masa makullan ɗakin injin.

Ku sauka a nan. Za ki same ni a ƙofa. Ke kuma za ki wuce ciki, asibitin nan unguwarzoma ɗaya gare su kuma ta tsufa. Kada ki yi min gardama, kin yi shekara shida, yanzu layina ne. Ki dai riƙe igiyarsa da kyau in kun iso, don ban san abin da ƙafafuna za su yi ba.

Yayanki

*

Daga ɗakin famfo, ranar Litinin

Auta,

Ina fata kin saba da ɗakin, kuma masu haihuwa suna barin ki ki rintsa. An ce kin riga kin yi faɗa da mai rabon magani, na ce lallai ƙanwata ta iso. Mu nan lafiya. Ƙafar Baba ta kame sarai, na cire zaren yadda kika nuna min, ya ce wanda ya yi ɗinkin nan bai iya riƙe allura ba. Kafaɗar Maƙwabci ma ta rufe, saura ɗingishin.

Sati uku ke nan, bari in gaya miki gaskiya, na sha wuya. Ba aikin ba, famfon lafiyayye ne, mai kawai yake so. Kin gaya min Baba yana mantuwa, amma ji daban, gani daban. Bai san ni ba, Auta. Mai famfo yake ce min. In na kai masa abinci sai ya ce in ajiye a bakin ƙofa, kada in shigo, shi ba ya son baƙi a ɗakinsa. Maƙwabci kuma ya kwanta a tsakiyar ƙofar ya zuba min ido. Ba ya haushi, ba ya motsi. Ni da ɗakina na koma kwana a gefen injin.

Da farko da doguwar sanda nake tura masa kwanonsa. Ranar nan sandar ta kifar da kwanon, ya dubi abincin a ƙasa, ya dube ni, wallahi sai da na ji kunya. Washegari na kai masa da hannuna. Da na ga ƙudaje sun dame shi a kunnen da aka yage, na ɗauko man da kika bari. Na fi minti goma a tsugune kafin in iya miƙa hannu. Na ce masa ni ne na sa aka ja masa jan biro, ni ne sanadin da ya sa ba zai taɓa shiga gari ba, ya yi haƙuri. Ya bar ni na shafa. Ashe kunnen kare laushi gare shi, ban taɓa sani ba.

Shekaranjiya da hantsi Baba ya ɓace min. Na fito daga ƙarƙashin injin ban gan shi ba, na hango shi ya miƙe hanyar gada, karen na biye da shi, masu gadi kuma sun riga sun tashi tsaye. Ban san ina da sauran gudu haka ba. Na yi ta kiran Baba, ko waiwaye bai yi ba. Sai na ji bakina ya kira Maƙwabci. Ya tsaya cak, ya dube ni, ya kama gefen rigar Baba ya juyo da shi. Taku ashirin ya rage. Na auna daga baya. Yanzu na kafa shinge ta wannan gefen, na kuma haɗa wa Baba wani abu mai feda da tsohuwar ƙafar keke, yana takawa tun safe, ya daina neman hanya.

Jiya da yamma na kawo abinci na tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Maƙwabci ya tashi ya zo ya shinshina gwiwata, ya koma ya kwanta, amma a gefe, ya bar hanya. Ban shiga ba, na tsaya da kwano a hannu ina jiran a ce in ajiye. Baba ya daina taka fedar. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa mutum in zai auna shi. Bai kira sunana ba, kada ki sa rai. Sai ya juya wajen karen ya yi masa magana.

"Bar shi ya shigo," in ji shi. "Namu ne."

Na shiga, mun ci tare mu uku. In za ki zo ranar hutunki, ki taho da gishiri da wani man kunnen.

Yayanki